Ƙanena mai ciwon bifola ba ya gajiya da ɗaga ƙarfe: in hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ne, shekarunsa 26, yana da ciwon da aka ce mana sunansa bifola. Yana shan magani kuma ya samu sauƙi. To kwanan nan ya shiga motsa jiki ba ji ba gani. Kafin asuba ya fita gudu, da hantsi yana wurin ƴan ɗaga ƙarfe, da dare ya sake komawa. Barcinsa bai fi awa uku ba, amma ya ce bai taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba, har yana cewa shi zai ɗauko takobin kokowa bana. Innarmu murna take wai ya warke. Ni hankalina ya ƙi kwanciya. Wannan motsa jikin zai iya yi masa illa? Daga wata ƴar'uwa a Zengo, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kina da gaskiya da hankalinki ya ƙi kwanciya. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne barcin awa uku ba tare da gajiya ba, sai kuma maganar takobi daga bakin wanda ba ɗan kokowa ba. Waɗannan biyun sun fi ƙarfen da yake ɗagawa ba ni tsoro.

Bifola ciwo ne mai hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a 2019. In ya sauka, mutum ya yi mako biyu ko fiye a kwance, ba walwala, ko wanka sai an matsa masa. In ya hau, wato abin da muke kira maniya, sai barci ya ragu, magana ta yi yawa, kuɗi su fita ba lissafi, mutum ya ji babu abin da ya fi ƙarfinsa. Iyali sun fi gane saukar, domin tana kama da rashin lafiya. Hawan kuwa da farko kama yake da waraka, shi ya sa ba zan ga laifin Inna ba. Uwar da ta ga ɗanta ya daɗe a ɗaka, yau ta gan shi yana gudu, dole ta yi hamdala.

Motsa jiki daidai gwargwado alheri ne ga mai wannan ciwo. Yana rage nauyin zuciya a lokacin sauka, yana gyara barci, yana kuma taimakawa kan ƙiba da ciwon suga da wasu magungunan, irin su olanzafin, ke jawowa. Matsalar tana farawa ne idan yawan ya tashi farat ɗaya. A nan abu biyu ke ciyar da juna. Ciwon da ya fara hawa shi ke tura mutum filin motsa jiki sau uku a rana, motsa jikin dare kuma ya ɗumama jiki, ya sa zuciya bugawa, ya kore barci. Rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da maniya. Gajiya ita ce birkin jiki, kuma a wannan hali birkin ne ya tsinke, mutum yana gangara yana jin daɗin iska. A wani bincike da aka yi a Ingila a 2012, an tattauna da mutum 25 masu ciwon, wasunsu suka ce motsa jiki yana kwantar musu da hankali, amma idan ciwon ya fara hawa yakan ƙara ingiza su.

Sai maganar zafi da magani, wadda a garinmu ba ta wasa ba ce. Ba ki faɗi maganin da yake sha ba, don haka ki duba kwalin yau ɗin nan. Idan litiyom ne, ki sani ƙoda ce ke fitar da shi, kuma tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba tazarar ƴar kaɗan ce: ana so ya tsaya wajen 0.6 zuwa 1.2 a gwajin jini, daga 1.5 zuwa sama an shiga haɗari. Saurayin da ke ɗaga siminti da aka daskarar a bakin ƙarfe, a rana tsaka cikin Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, riga ta jiƙe sharkaf har gishiri ya yi fari a bayanta, ruwa da gishirin jikinsa ne ke tafiya. Idan suka ragu, ƙoda sai ta riƙe litiyom, ya taru a jini. Alamominsa su ne rawar hannu mai ƙarfi, amai, zawo, tangaɗi kamar mai maye, harshe ya yi nauyi, hankali ya rikice. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne maganin ciwon jiki. Tsoka ta yi tsami, a aiki yaro ya sayo ibufurofen ko dikulofenak a bakin hanya, alhali su ma suna ɗaga litiyom a jini. Farasitamol ya fi aminci gare shi.

Idan kuma irin su halofiridol ne ko lagaktil, su suna rage wa jiki iya sanyaya kansa, mutum na iya faɗuwa da bugun zafi. Akwai kuma illar da ke samun kowa idan ya wuce ƙima, wato tsoka ta farfashe, fitsari ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta, ƙoda ta shiga wahala.

Zan ƙara wani abu da ba ki tambaya ba, don na san wuraren nan. Ki bincika a hankali ko ana ba shi taramol don ya jure, ko ƙwayoyi da alluran kumbura ƙwanji. Dukansu suna iya tayar da maniya, taramol kuma har farfaɗiya yana jawowa. Shayin fada mai kauri da tsakar dare shi ma yana da nasa kason wajen sace barci.

Abin yi na farko shi ne a ga likitansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar da aka rubuta masa. Ki tafi tare da shi, domin shi zai ce lafiyarsa lau, kuma da gaske haka yake ji. Ki faɗi awannin barcinsa, da ranar da abin ya fara, da ko yana shan maganin kuwa. Da yawa sukan ajiye shi a ɓoye da zarar sun ji ƙarfi, su ce motsa jiki ya wadatar. Bai wadatar ba, kuma yanke litiyom kwatsam yakan dawo da ciwon da ƙarfi.

Hana shi gaba ɗaya ba na ganin zai yi amfani. Faɗa kawai za a yi, ya fice ya ƙara. Gara a yi ciniki da shi: sau ɗaya a rana, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, minti 30 zuwa 45, da kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako. Abin da hukumar lafiya ta ba babba shawara ma minti 150 zuwa 300 ne a mako na motsi matsakaici. Bayan magariba ba ɗaga ƙarfe. Tafiya da gudu a hankali sun fi masa gasa da ihun abokai a yanzu. Ya riƙe gorar ruwa, ya ci abinci da gishirinsa kamar yadda ya saba. Idan akwai wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko malaminsa, a sa shi cikin maganar, zai fi karɓa daga gare shi. In azumi ya zo, a tambayi likita tun kafin a ga wata.

Idan kuwa ya kwana biyu bai runtsa ba, ko ya fara faɗa da mutane, ko yana maganar da ba ta kan hanya, ko kika ga tangaɗi, amai, ko baƙin fitsarin nan, ko ya ambaci kashe kansa, kada a tsaya lallashi ko jiran gari ya waye. A ɗauke shi zuwa babban asibitin Damagaram, a tafi da kwalayen magungunansa duka. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.