Ɗana Ya Gama Karatun Lauya Amma Ya Ce Shi Ba Barista Ba Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama digirin shari'a a jami'a, 'yan unguwa har sun fara ce masa Barista amma shi sai ya ce a daina wai bai kai ba. To ni a sanina lawyer da barrister ai duk abu ɗaya ne, ko akwai bambanci? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Gaskiyar yaron ne wallahi, kuma na ji daɗi da bai yi saurin karɓar sunan da bai kai gare shi ba.

Ita lawyer a Turanci kalma ce mai faɗi, ta haɗa duk masu sana'ar shari'a, daga ita muka samo "lauya". Barrister kuma reshe ɗaya ne a ƙarƙashinta. Kamar a ce malami ne, ai duk limami malami ne amma ba kowane malami ke jan sallah ba.

Asalin rabon daga Ingila yake, can aikin kashi biyu ne. Akwai solicitor, shi ne wanda za ka je ofishinsa da matsalarka ya rubuta maka yarjejeniyar sayen gida ko wasiyya ya haɗa takardun ƙara, in magana ta kai babbar kotu kuma yawanci sai ya nemo barrister, wato mai sa baƙar riga da farin gashin nan ya tsaya gaban alƙali yana kare ka, kuma dole ne barrister ya zama ɗan ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi 4 da ke Landan, irin su Lincoln's Inn. A Amurka ba su da wannan rabon, attorney suka fi cewa.

Mu a Najeriya an haɗe biyun. Bayan digiri sai mutum ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi wadda aka kafa a 1962, hedikwatarta na Bwari a Abuja kuma akwai reshe a Bagauda ta jihar Kano, ya yi kamar shekara ɗaya ya ci jarrabawa, sannan a rantsar da shi a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Daga ranar ya zama barrister kuma solicitor a lokaci guda. Shi ya sa mutanenmu ke ganin duk ɗaya ne, don a nan lauyan da ya rubuta maka takardar fili shi ne dai zai shiga kotu dominka.

To ɗanka Alhaji bai wuce wannan matakin ba tukuna, a yanzu doka ba ta ba shi damar tsaya wa kowa a kotu ba, don Allah kar a matsa masa da sunan. Ku dai taimaka masa da kuɗin makarantar lauyoyin don ba kaɗan ba ne, in an rantsar da shi sai a kira shi Baristan.