Kada yawan kanji ya hana ka tahowa Japan

Assalamu alaikum ƙanena, da fatan kana lafiya. Ya su Baba da Inna, ya kuma karatu?

Saƙonka ya iso. Ka ce kana shirin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, amma rubutunsu ne ya tsaya maka a rai. Wani ya gaya maka haruffan sun haura dubu biyu, wani kuma ya ce kada ka wahalar da kanka tunda akwai kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci. Na farkon gaskiya ya faɗa maka. Na biyun ne ban yarda da shawararsa ba, kuma zan gaya maka dalili.

Rubutu iri uku Japanawa suke haɗawa a jimla ɗaya. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, ba abin tsoro ba ne: kowannensu haruffa 46 ne na asali, kowane harafi gaɓa ce guda, wato ka, ki, ku, ke, ko, haka har ƙarshe. Da hiragana ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin haɗi, da katakana kuma ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi, har da naka, domin da shi za a rubuta sunanka a banki da makaranta. Mai himma yana gama su biyun a cikin 'yan makonni. Kunnen Bahaushe ma yana da riba a nan. Wasulansu biyar ne irin namu, suna ja da wasali, suna kuma ninka baƙi. Obasan gwaggo ce, obaasan kaka ce. Kite "zo" ne, kitte kan sarki ne. Turawa da yawa suna shan wahalar jin wannan bambanci, kai kuwa da shi ka tashi. Ka gama waɗannan biyun tun kana gida, ka kuma rabu da karanta Japananci da haruffan boko da wuri, domin babu takardar asibiti da za ta jira ka da su.

Na ukun shi ne kanji, haruffan da suka samo daga ƙasar Sin, galibi ta hanyar Koriya, tun wajen ƙarni na 5. Jerin da gwamnati ta tsayar don amfanin yau da kullum, bayan gyaran shekarar 2010, haruffa 2,136 ne. Amma dubi yadda su kansu suke koya wa 'ya'yansu. Ɗan aji ɗaya na firamare 80 kawai ake ba shi, ɗan aji biyu 160, kafin ya gama shekara shida ya tara 1,026. Sauran sai a sakandare. Yaron da aka haifa cikin harshen ma shekara da shekaru yake yi yana tsintar su, don haka babu wanda yake sa ran ka haɗiye su a zango ɗaya.

Wahalar gaske ba a yawansu take ba, a karatunsu take. Yawancin haruffan suna da karatu iri biyu ko fiye, wanda aka aro daga Sinanci tare da harafin, da kuma kalmar Japananci ta asali da aka ɗora masa. Harafin dutse, 山, idan yana shi kaɗai yama ne, a sunan dutsen Fuji ya zama san, a 火山, dutse mai aman wuta, ya koma zan. Harafin 生 ya fi haka rikici: sei ne a gakusei, ɗalibi, da sensei, malami; i ne a ikiru, rayuwa; u ne a umareru, a haifi mutum; nama ne idan ana nufin ɗanye. Duk wanda ya zauna haddace harafi da jerin karatunsa ba tare da kalma ba, zai gaji kafin ya kai ɗari uku. Ka koyi kalma, harafin zai biyo ta. Idan ka san 先生, sensei, da 学生, gakusei, a matsayin kalmomi da kake ji kullum a aji, karatun sei ya zauna maka ba tare da ka yi kokawa da shi ba.

Daɗin abin yana farawa ne ranar da idonka ya daina ganin tarin zane, ya fara ganin sassa. Ana yawan nuna wa sabon shiga cewa 木 itace ne, biyu 林 kurmi, uku 森 daji, mutum kusa da itace 休 hutu. Suna da kyau, sai dai irinsu kaɗan ne. Mafi yawan kanji an gina su ne da ɓangare biyu, ɗaya yana nuna ma'ana, ɗaya yana nuna sauti. Ɗigo ukun nan na gefen hagu alamar ruwa ne, za ka gan su a 海 teku, 池 tafki, 泳 iyo, 洗 wanki, 涙 hawaye. Harafin 青 kuwa ana karanta shi sei, kuma 晴 da 清 da 精 da 請 duk suna ɗauke da shi, duk suna da karatun sei. Da ka gane wannan, sai ka tarar da harafin da ba ka taɓa gani ba ka yi hasashen sautinsa da fagen ma'anarsa, sau da yawa kuma ka dace. Haka kalmomi ma suke haɗuwa. Ka san 電 lantarki ne, to ga densha 電車 jirgin ƙasa, ga denwa 電話 tarho, ga denchi 電池 batir. Harafi ɗaya ya buɗe maka kalmomi goma. Shi ya sa ɗari biyar na farko suka fi dubun da ke biye da su wuya, kuma a nan ne mutane da yawa suke sarewa, daidai lokacin da sauƙi ya kusa.

Ka rubuta da hannu, aƙalla 'yan ɗaruruwan farko. Kai da ka yi makarantar allo ka san abin da hannu ya rubuta da tawada ya maimaita, ba ya saurin fita daga kai. Akwai ƙa'idar jerin zane, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma bin ta yana sa harafin ya tsaya daidai. Bayan nan karatu ya fi rubutu muhimmanci, tunda a waya da kwamfuta sauti kake bugawa ka zaɓi harafi. Manhajar Anki tana taimakawa wajen tilawa, amma kullum kaɗan-kaɗan, kada ka tara sai ƙarshen mako. Akwai kuma shafin NHK News Web Easy, labarai cikin sauƙaƙan Japananci, da ƙananan hiragana a saman kowane kanji, abin da suke kira furigana.

Yanzu ga maganar mai cewa Turanci ya isa. Zai ishe ka a aji da ɗakin bincike. Ba zai ishe ka a kanti ba. Musulmi a nan da karatun bayan leda yake cin abinci. Dole idonka ya saba da 豚, alade, da 酒, giya, da みりん, giyar girki da suke zubawa a miya da romo iri-iri. Kitsen alade ラード da gelatin ゼラチン da barasa アルコール kuwa da katakana ake rubuta su, ka ga amfanin abin da na ce ka koya tun a gida. Sai wasiƙun ofishin gunduma a kan inshorar lafiya, da jadawalin ranakun fitar da shara, wanda makwabta suke lura da shi sosai. Sai kalmomin da nake so ka sani kafin ka sauka daga jirgi: 地震 girgizar ƙasa, 津波 ambaliyar teku, 避難所 wurin fakewa. Kyamarar waya tana fassara, ina amfani da ita ni ma, amma sanarwar gaggawa ba ta ba ka lokacin saita waya.

Ga kuma batun abin yi. Ɗalibin da ya karɓi izini yana iya aiki har awa 28 a mako, kuma wanda yake karatu da magana ya fi samun aikin da ba na dare a masana'anta ba. Bayan kammalawa, kamfanoni da yawa suna neman matakin N2 ko N1 na jarrabawar JLPT ta ƙwarewa a Japananci, wadda ake yi a nan a watan Yuli da Disamba, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. A jarrabawar tantancewa ta ofishin jakadanci ma akwai takardar Japananci, kada ka miƙa ta fayau. Waɗanda aka ɗauka digirin farko suna yin shekara guda ta share fage a Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokiyo ko Jami'ar Osaka, masu zuwa bincike kuma sukan yi wata shida. Gudu ake yi a azuzuwan nan. A duk inda ka zauna da ɗaliban ƙasar Sin, za ka ga suna fahimtar shafi tun kafin su iya furta shi, domin haruffan nasu ne tun yarinta. Kada ka auna kanka da su, zuciyarka za ta karaya a banza. A wajen ji da magana sau da yawa kai za ka riga su.

Kada kuma kunya ta hana ka tambaya. Sunayen mutane da na garuruwa suna da karatun da Japanawa kansu suke tambayar juna, shi ya sa kusan kowace takardar cikewa take da layin rubuta furigana a saman suna. Mutanen nan suna son rubutunsu ƙwarai. Tun 1995, duk shekara jama'a suna zaɓen harafi ɗaya da ya wakilci abin da shekarar ta zo da shi, galibi a bayyana shi ranar 12 ga Disamba a wurin bautar Kiyomizu da ke Kiyoto, a rubuta shi da ƙaton burushi gaban 'yan jarida. A 2011, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar da suka auka wa arewa maso gabas, 絆 aka zaɓa, ƙullin zumunci. A 2020, shekarar korona, 密 aka zaɓa, cunkoso. Gundumomi da yawa kuma suna da azuzuwan sa-kai, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, inda tsofaffin da suka yi ritaya suke zama da baƙi suna koya musu, wasu har da rubutun burushi. Ka nemi irin wannan aji da zarar ka zauna, a can za ka sami mutanen gari na farko da za su san sunanka.

Ka cike takardun neman tallafin, kada ka jinkirta saboda rubutu. Ka sayi littafin rubutu mai layin murabba'i, irin na lissafi, ka fara da hiragana a makon nan. Idan ka gama su da katakana, ka ɗauki hoton shafin ka turo mini in duba maka jerin zanen, ni kuma zan turo maka haruffa 80 na 'yan aji ɗaya tare da kalmomin da ake samunsu a ciki. Ka gaishe mini da mutanen gida duka.