Tambaya da Amsa: Yaya zama yake a Machynlleth?

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Jami'ar Aberystwyth da ke Wales, a Birtaniya. An ba ni shawarar in kama haya a Machynlleth, in riƙa bin jirgin ƙasa zuwa makaranta. Wane irin gari ne, kuma baƙo zai iya sakin jiki a cikinsa?

Amsa: Allah ya sanya albarka a karatun. Da farko kada sunan ya karya miki harshe, 'yan garin ma "Mach" kawai suke cewa.

Ƙaramin gari ne a yankin Powys, kusa da kogin Dyfi, mutanensa sun ɗan haura 2,000. Amma kada ki raina shi a gabansu. A nan ne Owain Glyndŵr, wanda ya yi wa Ingila tawaye, ya kira majalisarsa a 1404, shi ya sa har gobe suna kiran garinsu tsohon babban birnin Wales.

In kina son ki gane garin, ki fito ranar Laraba. Tun 1291 Sarkin Ingila Edward na ɗaya ya ba da izinin cin kasuwa a wannan rana, kuma har yau tana ci. Rumfuna kan jeru a gefen babban titin Maengwyn har kusa da doguwar hasumiyar agogon da ke tsakiyar gari: mai kifi, mai cuku, mai burodi, mai tsire-tsire. Makiyayan tumaki su gangaro daga kan tuddai da takalman roba duk laka, su tsaya a bakin hanya ana ta gaisawa, sayayyar minti goma ta koma awa guda. Da yawan hirar nan da harshen Welsh ake yin ta, domin kusan rabin garin na jin sa. Kowa na jin Turanci, amma ki riƙe "bore da", wato ina kwana, da "diolch", na gode. Za ki ga fuska ta sake.

Akwai kuma baƙin da suka zo suka zauna, tun bayan kafa cibiyar binciken makamashin rana da iska a wani tsohon ramin haƙar dutse kusa da garin a 1973. Su suka ƙara wa wurin masu zane da masu rajin kare muhalli. Wata tsohuwar majami'a ma, Tabernacl, ta koma zauren kiɗa da nunin zane-zane.

Jirgin kuwa kamar rabin awa ne zuwa Aberystwyth, sai dai ba ya yawan zuwa, in ya wuce ki sai dogon jira. Ruwan sama ba ya sallama, a Disamba kuma ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Ni dai da ni ne ke, shekarar farko a Aberystwyth zan yi, kusa da sauran ɗalibai, in riƙa zuwa Mach ranar Laraba.