Hanci kafin baki: yadda ake gwada wiski a ɗakin haɗi

Maigida, wata uku ke nan ina ɗakin gwaji, amma duk kofin da na kai hanci zafi kawai nake ji, kamar an hura mini yaji. Kuma na ga kuna tsinka wiski da ruwa har ya yi salam kafin ku shinshina, yawanci ma ba ku kai shi baki. Me ya sa? Ta yaya zan bambanta burbon na Amurka da wiskin Sukotland, in kuma gane gangar da ta ɓaci?

To yarona, zafin nan da kake ji barasar ce take ƙona maka hanci, ƙamshin yana can ƙarƙashinta ba ka kai gare shi ba tukuna. A Sukotland galibi ana cika ganga da wiski mai ƙarfin barasa kashi 63.5 cikin ɗari, kuma bayan shekara goma abin da za ka ɗebo yana nan sama da 50. Ka kai wannan hanci sau uku, hancin ya mutu, sai ka yi rabin sa'a ba ka bambanta zuma da kananzir. Shi ya sa ake sauko da shi zuwa kashi 20 kafin a fara aiki.

Lissafin ba wuya. Raba ƙarfinsa da 20, ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne awon ruwan da za ka zuba wa awo ɗaya na wiski. Mai 40, ɗaya da ɗaya, wato mililita 25 na wiski da 25 na ruwa. Mai 60, ɗaya da biyu. Ka auna da ma'auni, kada ka yi da ido, domin in kofi ɗaya ya tsaya a 18 ɗaya kuma a 25, na biyun zai yi maka kamar ya fi ƙamshi alhali ruwa ne bai ishe shi ba. Ruwan ya zama marar wari, marar sanyi. Na famfo mai warin kulorin ba ya shiga ɗakin nan, ƙanƙara kuwa ko kusa, don sanyi rufe ƙamshi yake yi. Ruwa yana yin abu biyu: ya kashe zafin, ya kuma saki ƙamshin da barasa ta riƙe. A 2017 wasu masana a Suwidin sun nuna cewa sinadarin gwayakol, mai kawo ƙamshin hayaƙi, yana tasowa saman kofi idan an rage ƙarfin barasar. Masu haɗi, wato masu gauraya wiskin ganguna daban-daban, sun daɗe da sanin haka da hancinsu.

Kofin kuma mai ciki ne da tsukakken baki, irin wanda ake gwada sheri, wata giyar inabi, da shi a Sifen, ko Glencairn da ya fito a 2001. Kafin ka zuba komai, shinshina shi wayam. In ka ji sabulu, ko warin tsumman goge-goge, ko na kabad, mayar da shi wanki. Bayan ka zuba ka tsinka, rufe bakinsa da ɗan faifan gilashi, ka bar shi kamar minti goma. Da ka buɗe, kada ka jujjuya shi da ƙarfi, barasa kawai za ka tayar. Buɗe bakinka kaɗan, ka ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ka janye. Abin da ya fara zuwa maka a rai ka rubuta nan take, ko da ka ga kamar shirme ne. In hanci ya gaji, shinshina hannun rigarka ko gwiwar hannunka, warin jikinka ne zai mayar da shi daidai.

Aikin nan na safe ne, kafin abincin rana. Ranar gwaji ba turare, ba taba, ba goro, ba minti, ba kilishi mai yaji. Mai mura ya je ya yi aikin rubutu. Ka jera kofuna daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, masu hayaƙi su zo ƙarshe, domin hayaƙi in ya shiga hanci ba ya fita da wuri, sai ka riƙa jin sa a kofin da babu shi.

Yanzu bambancin da ka tambaya. Ka fara sanin dokar kowanne, don dokar ce ta haifi ƙamshin.

Burbon dole a yi shi a Amurka, akasarinsa daga jihar Kentaki yake fitowa. Aƙalla kashi 51 na hatsinsa masara ne. Ba a dafa shi har ya wuce ƙarfin 80, ba ya shiga ganga da fiye da 62.5, ba a sa shi a kwalba ƙasa da 40. Su da furuf suke ƙidaya, wanda ninki biyu ne na kashi cikin ɗari, saboda haka in ka ga 100 a takardarsu, 50 ke nan. Babban abin shi ne gangar: sabuwa fil, ta itacen da Turawa ke kira oak (ok), an babbake cikinta da wuta, tana cin kusan lita 200. Babbakar ma mataki-mataki ce. Ta ɗaya kamar daƙiƙa 15, ta uku 35, ta huɗu 55, wadda take tsattsaga cikin gangar ya koma kamar fatar kada. In an kwance irin wannan ganga, ɗauki katako ɗaya ka dubi gefensa. Za ka ga baƙin gawayi a sama, ƙarƙashinsa wani siririn layi ja-ja, sannan farin itace. Gawayin yana tsotse wari marar daɗi, jan layin kuwa sukarin itacen ne da wuta ta dafa, daga nan zaƙi da launi suke fitowa. Don haka a burbon ka nemi banila, ƙonannen sukari, kwakwa, kirfa, wani lokaci gyaɗa soyayya. Hatsi na biyu shi ke juya shi: in hatsin da Turawa ke kira rye ne sai ka ji ɗan yaji kamar masoro da kanumfari, in alkama ce, irin na Maker's Mark, sai ya zo da laushi kamar burodi.

Yanayin Kentaki ma yana da hannu. Rumbunansu masu hawa da yawa ne, bazara zafi, hunturu sanyi, itace yana shan wiskin yana amayarwa. A hawan sama ruwa ya fi barasa gudu, sai ƙarfin gangar ya ƙaru. Shi ya sa burbon mai shekara shida ko takwas ya riga ya nuna, mai ashirin kuma sau da yawa ya sha itace har ya yi bauri. Wanda aka rubuta wa Straight ya yi aƙalla shekara biyu, kuma in bai kai huɗu ba dole a rubuta shekarunsa. Mai Bottled-in-Bond, bisa dokar 1897, na masana'anta ɗaya ne, na kaka ɗaya, shekara huɗu aƙalla, ƙarfi 50 cif. Irin wannan ya fi dacewa ka koyi hanci da shi, don ka san abin da ke cikin kwalbar.

Wiskin Sukotland kuma, bisa dokar 2009, dole ya kwana a Sukotland aƙalla shekara uku, a gangar ok da ba ta wuce lita 700 ba, ya shiga kwalba da 40 ko sama. Shekarun da ke jikin kwalba na ƙaramin cikinsu ne, ko da an haɗa da tsofaffi. Mai suna single malt tsiron sha'ir ne zalla, daga masana'anta ɗaya, an dafa shi a tukunyar jan ƙarfe, galibi sau biyu. Gangarsu yawanci wadda aka riga aka yi amfani da ita ce. Tun da dokar Amurka ta hana sake zuba burbon a gangar da aka yi amfani da ita, sai Sukotland ta saye su. Gangar da ta riga ta ba burbon ƙarfinta ba ta danne abin da aka zuba mata, shi ya sa a nan kake jin hatsin da tukunyar: tuffa, ayaba, ɓawon lemo, zuma, ciyawa, sannan banila a baya-baya. In gangar sheri ce, mai cin kusan lita 500, sai dabino, zabibi, kanumfari da ɗan bauri. Sanyi da laimar ƙasar suna sa ganga ta yi asarar kusan kashi biyu a shekara, kuma a nan ƙarfin raguwa yake yi. Ka riƙa auna tsofaffin ganguna, don wadda ta faɗi ƙasa da 40 ba ta da ikon shiga kwalba ita kaɗai da sunan wiski.

Hayaƙi ba a kowanne yake ba, kada ka ɗauka haka. Yana zuwa ne in an busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da suke haƙowa su ƙona. Tsibirin Islay ya fi shahara da shi, da masana'antu irin su Laphroaig, Lagavulin da Ardbeg. Za ka ji kifi banda, kwalta, toka, aidin na asibiti. Adadin hayaƙin da suke faɗa, misali kusan 50 cikin miliyan na Ardbeg, a tsiro aka auna shi, abin da ya iso kofi bai kai haka ba, kuma yana ƙara dushewa da shekaru. Yankin Speyside kuwa yawancinsa 'ya'yan itace ne da zuma.

Launi kada ya yaudare ka. A burbon an hana ƙara launi, don haka duhunsa na ganga ne. A Sukotland doka ta yarda a sa ɗan karamel, wato launin ƙonannen sukari, saboda haka ja ba ya nufin tsufa. Dalilin shuɗin kofin da ka gani a kan kanta ke nan, don ido ya yi shiru.

Sai ɓaci, kuma nan ne ake gane mai aiki. Cewa "ba daɗi" ba amsa ba ce, sai ka faɗi inda ɓarnar ta shigo. Lokacin dahuwa ta biyu, abin da ke fitowa kashi uku ne: kai, tsakiya da wutsiya, tsakiyar kawai ake ɗauka. In ka ji warin maganin goge farce ko gam mai shiga ido, an yanka da wuri, kai ya shiga. In ka ji gumi, cuku, jiƙaƙƙiyar fata ko safa, an makara wajen yankewa, wutsiya ta shiga. Ɗan kaɗan na wutsiya yana ba da jiki, masu hayaƙi ma da gangan suke jinkirtawa don hayaƙin a ƙarshe yake fitowa, amma in ya yi yawa ganga ba ta gyara shi.

Farar wuta iri biyu ce, ka rarrabe su da kyau. Warin dafaffen kabeji ko nama daga tukunya yake: tururin bai gogi jan ƙarfe sosai ba, ko an kora wuta da sauri, ko ba a bar tukunyar ta sha iska ba. Wannan gawayin ganga yana rage shi da shekaru, wasu masana'antu irin Mortlach ma neman ɗan nauyin nan suke yi. Amma warin ashanar da aka ƙyasta, ko roba, ko ruɓaɓɓen ƙwai a gangar sheri ko ta ruwan inabi, yawanci kyandir ɗin farar wuta ne da aka ƙona a cikinta don kada ta yi tsami a hanya. Wannan ba ya fita. Ganga ɗaya tak tana iya lalata haɗi guda, kuma hancin mutane bai zo ɗaya a kansa ba, wani ba ya jin sa sam. In kana shakka, miƙa wa na kusa da kai kofin ba tare da ka faɗa masa abin da ka ji ba.

Warin rima, kamar ɗakin da ya sha damina a rufe ko jiƙaƙƙen kwali, daga ganga mai fumfuna ne ko toshiyar kwalbar da ta ɓaci. Tsami irin na binega, gangar ta zauna wayam ta lalace kafin a cika ta. In kuma wiski ya shekara goma amma fari fat, yana warin ɗanyen ƙullu, gangar ce ta gaji, an cika ta sau uku ko huɗu ba abin da ya rage mata. Wannan yana da magani: a juye shi a ganga mai rai, ita kuma a kankare cikinta a sake babbaka ta. Hazon da kake gani in ka zuba ruwa a wiski mai ƙarfi ba ɓaci ba ne, maiƙonsa ne da ba a tace da sanyi ba. Masu kwalba a 46 ko sama sukan bar shi haka.

Baki yana da nasa aikin, tun da hanci bai san daɗin gishiri ba. Zaƙi, ɗaci, tsami, bauri da kauri sai harshe. Ana kai baki ne ga 'yan kofunan da hanci ya tsayar, ko haɗin da ya kusa shiga kwalba, shi kuma a ƙarfin da za a sayar da shi. Kurɓi kamar rabin ƙaramin cokali, ka zagaya da shi daƙiƙa goma, ka tofar, ka fitar da numfashi ta hanci. Duba ko bakin ya cika alkawarin da hanci ya ɗauka. Sannan ka ƙirga tsawon abin da ya saura: wani ya ɓace nan da nan, wani ya yi minti yana canzawa. In ƙarshen ya busar maka da dasashi kamar ka tauna ɗanyen goro, itace ya yi yawa. In zafi ne tsagwaro ba komai a bayansa, bai nuna ba. Tsakanin kofi da kofi, ruwa da busasshen biskit marar gishiri.

Kullum ka ajiye samfurin da aka riga aka amince da shi a hannun hagu, ka riƙa komawa gare shi, don tambayar mai haɗi ita ce ko na yau ya yi daidai da na bara. Gobe da safe ka zo da kofi uku masu shuɗi. Za a zuba abu ɗaya a biyu, wani daban a na uku, duk a 20, ka fitar da baren. In ka ci sau biyar a jere tsakanin burbon da Speyside, sai a koma tsakanin gangar burbon cikon farko da ta ciko na biyu daga masana'anta ɗaya. Ka taho da littafinka, kowane kofi da lambar gangarsa, shekarar cikawa, ƙarfinsa kafin ruwa, da kalma uku na abin da ka ji.