Tambaya da Amsa: Me ke sa ƙungiyar makaranta ta kai ƙarshen gasa da ƙarfinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai a makarantarmu. Kowace shekara mukan fara gasa da cin wasanni, amma da an shiga Maris sai mu sukurkuce: wannan ya ji ciwo, wancan yana jarrabawa. Wadda ta ɗauki kofi bara kuwa ba ta fi mu gwanaye ba. Ina gyaran yake? Daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. A gasar ɗalibai, yawanci kofi na zuwa hannun ƙungiyar da ta iya fito da 'yan wasanta na farko a kowane mako har ƙarshe. Abin da ke cinye ku rashin mutane ne, kuma ana iya rage shi.

Ku soma horo mako shida kafin wasan farko, sau uku ko huɗu a mako, kuna ƙara nauyinsa sannu a hankali. Horo mai tsanani ya kasance kwana uku kafin wasa. Jajibirin wasa kuwa minti 45 sun isa, a yi bugun kusurwa da bugun tazara, kowa ya san wanda zai tsare. Kafin kowane horo ku ware minti 20 na ɗumama jiki. Akwai tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+, na gudu da tsalle da tsayuwa kan ƙafa ɗaya, ba ya buƙatar kayan aiki. Bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, idan ana yin sa aƙalla sau biyu a mako.

Sai zafi, wanda a ganinmu shi ne babban abokin karawarku. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maraɗi yakan haura digiri 40, don haka horo ya koma bayan sallar asuba ko bayan ƙarfe biyar na yamma. Kowa ya sha rabin litar ruwa awa biyu kafin a fara, sannan a riƙa kurɓa duk bayan minti 15 zuwa 20. Ku nemi sikeli ku auna kowa kafin horo da bayansa: wanda ya rage kilo ɗaya ya sha lita ɗaya da rabi. Gumi na fita da gishiri, saboda haka a lita guda ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri ko surutu barkatai a fitar da shi zuwa inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a wuce da shi likita. Da azumi, horo mai nauyi sai bayan asham.

Ku yi rajistar mutum 22 ko fiye, da masu tsaron gida uku idan da hali. Tun farkon shekara ku karɓi jadawalin jarrabawa, ku gano wasannin da za su ci karo da ita, ku saba wa 'yan benci da buga wasa. A duba katin ɗalibi na kowa. Sa wanda ba ɗalibi ba, ko wanda aka dakatar saboda katin alƙalin wasa, yakan jawo a ƙwace makin a ba abokan karawa da ci uku da nema, komai kyan wasan da kuka yi.

Tambaya: Malam, idan ɗan wasa ya yi targaɗe a idon sawu, mu kai shi wurin mai ɗori ko mu gasa masa da ruwan zafi? Daga wani mai horar da 'yan lise, wato babbar sakandare.

Amsa: Malam, a kwana biyun farko kada a gasa, kada a murza, don zafi da tausa na ƙara kumburi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan matashi. Idan ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ƙashin idon sawun na zafi in an danna, a je a ɗauki hoto, domin tana yiwuwa karaya ce. Kada ya koma fili sai ya iya gudu da juyawa da tsalle kan wannan ƙafar ba tare da ciwo ba.