Buga ƙwallo cikin ruwan sama a shekarun baya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne buga ƙwallo cikin ruwan sama ya fi wahala a da. Gaskiya ne, kuma babban dalili shi ne ita ƙwallon kanta. Ta fata ce, tana shan ruwa har ta yi nauyi, ta yadda idan ka sa mata kai sai ka ji jiri, ɗinkinta kuma ya bar maka shaida a goshi. Ina tuna yadda za ka buga ta da iyakar ƙarfinka amma ta tsaya cak a cikin kududdufi, a taru a kanta ana ta zamewa cikin laka, mai tsaron gida kuwa ya kasa riƙe ta saboda santsi.

Manyan 'yan wasa ma sun sha wannan wahala. A gasar cin kofin duniya ta 1974, sai da aka yi ta kwashe ruwa daga filin Frankfurt kafin Jamus ta Yamma ta doke Poland da ci 1-0. A gasar cin kofin duniya, sai a ta 1986 a Meziko aka fara amfani da ƙwallon da ba ta fata ba, wadda ba ta shan ruwa kamar ta da.