Tambaya da Amsa: Ulun Merino da Barcin Jariri a Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jego, yarona wata biyu. Ƙanwar maigidana ta aiko masa da rigunan barci, an rubuta "merino" a wuyansu. Surukata ta ce ulu na sa ƙaiƙayi da ƙurajen zafi, kada in sa masa. Ga hunturu ya kama, ya zan yi? (Wata mai jego, Yelwa, Bauci)

Amsa: Wa alaikumus salam, barka da arziki, Allah ya raya. Hajiya tana da gaskiya a kan ulun da ta sani. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwar Wunti ko Muda Lawal zaren roba ne, ba gashin dabba ba, kuma shi ke riƙe gumi a jikin yaro. Merino kuwa gashin wata irin tunkiya ne mai asali a Sifen, wadda yanzu aka fi kiwonta a Ostireliya.

Ƙaiƙayi daga kaurin gashi yake zuwa. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin da ya haura maikiron 30 ba ya lanƙwashewa, sai ya soki fata. Na merino mai laushi bai kai 19 ba, idan ya taɓa fata kwantawa yake yi. Ki goga rigar a wuyanki. In kin ji tsira-tsira, to ba ta dace da jariri ba.

Ga amfanin merino a hunturu: ɗaki na da ɗumi a farkon dare, sanyi ya sauko da asuba. Yaron da ya yi gumi cikin rigar roba, jiƙewar nan ce ke huce masa a jiki kafin gari ya waye. Ulu na gaskiya yakan sha danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba. Kuma ba ya saurin kama wuta, ba ya narkewa ya manne a fata kamar roba. Wannan ba izini ba ne na kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar gawayi na kisa ko babu hayaƙi.

Ki sa masa riga ɗaya mara kauri, ki kwantar da shi rigingine, ba hula, ba tarin bargo. Zafin da ya yi yawa ya fi sanyi hatsari ga jariri mai barci. Ƙirjinsa ko ƙeyarsa za ki taɓa ki gane, hannu da ƙafa dama sukan yi sanyi. Da zafin Maris ya shigo, ki koma auduga.

Tambaya: Na sayi ɗaya a gwanjo, wanki ɗaya ta tsuke ta zama kamar ta 'yartsana. Jabu ce? (Wata uwa, Gombe)

Amsa: 'Yar'uwa, tsukewar ma alama ce ta cewa ulu ne na gaskiya. Kowane silin gashi na da ɓawo-ɓawo. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa su harɗe da juna, kuma in sun harɗe ba sa warwarewa. In kina shakka, zari ɗan zare daga ciki ki ƙona: ulu zai yi warin babbaka, tokarsa ta marmashe a yatsa, roba za ta narke ta dunƙule da tauri.

A wanke da ruwan da bai wuce digiri 30 ba, da ɗan shamfu na jarirai. A guji omo da ruwan bilic, suna cin gashin. A ɗan mammatsa a hankali, a ɗauraye, a naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, sannan a shimfiɗa a inuwa. In an rataya a igiya, nauyin ruwa zai ja ta ta saki.

Wajen ajiya, asu na son ulu, musamman mai tabon nono. A wanke, ya bushe sarai, a ƙulle a leda. Kada a sa kafur a kayan jariri: yana iya farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani.